Tafiyar da Ta Sa Muka Matsar da Tabarmar Iya

Mun tashi da asuba, ana sallame salla, mu biyar daga ƙungiyarmu ta masu man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, sai malamarmu ta makarantar manya ta shida. Ita ce ta nema mana izinin shiga masana'antu uku a Kano, mu ga yadda manya ke tsara aiki. Kowa na murna a motar, ni kaɗai ce zuciyata ba daɗi.

Ga dalili. Akwai mai kanti a birni da ke aiko mota duk Juma'a ta ɗauki ƙulinmu, kuma sau uku motar na zuwa kaya ba su haɗu ba. Kullum da yamma sai a ga ƙuli tsibi guda a gaban Iya, dattijuwar da ke ƙulla shi a leda. Matasan cikinmu suka ce hannunta ya yi nauyi, aka yanke shawarar a sallame ta, aka ɗora mini faɗa mata, wai ni ce mai sanyin baki. Iya ce ta koya wa rabinmu suyar gyaɗa, kuma ba ta da wata hanyar cefane sai wannan. Na roƙi a bari mu dawo tukuna. Ga ta nan a gidan gaba kusa da direba, tana jan carbi.

Daga garinmu da ke bayan Kura muka hau titin Zariya, gonakin shinkafa dama da hagu, manyan motoci na wuce mu kamar za su tafi da mayafanmu. A Na'ibawa muka sauka muka karya da koko da ƙosai. Ƙosan birni ya ƙanƙance, jama'a. Iya ta ɗaga ɗaya ta ce wa mai suyar, "'Yar nan, wannan ci ake yi ko haɗiya da ruwa?" Da mai adaidaita ya faɗi kuɗin Challawa kuma, ta tambaye shi ko har da babur ɗin zai bar mana. Ya yi dariya ya rage.

Challawa hanci ne ke fara sanin an iso, saboda warin jimar fata. Mu kamfanin lemon kwalba muka shiga. Aka ba mu wata hula mai raga muka ɗora a kan hijabi, muka kalli juna, dariya ta hana mu tafiya. A ciki kwalabe ne ke tafiya a layi a kan bel, a wanke, a cika, a rufe, babu wadda ke tsallake 'yar'uwarta. Wani mutum na zaune ba abin da yake sai kallo, in ya ga wadda ba ta cika ba ya zare ta. A sito kuma aka nuna mana cewa kayan da suka fara shiga su ke fara fita. Na rubuta wannan a littafina, don mu sabon buhun gyaɗa muke fara buɗewa, tsohon yana ƙasa yana ƙwari.

A Sharada kamfanin robobi muka je. Muna shiga wuta ta ɗauke, kafin mu gama salati janareta ya tashi, aiki ya ci gaba. Wata mata 'yar Filato ce ta zagaya da mu, mai fara'a, Hausarta irin ta Jos. Ta nuna mana wani layin fenti ruwan ɗorawa a ƙasa, daga ƙofar da ɗanyen kaya ke shiga har ƙofar da bokitai ke fita. Ta ce, "Mama, a nan kaya ba ya komawa baya. Kowane inji yana kusa da wanda zai karɓa daga hannunsa." Na tambaye ta a hankali, in kaya suka taru a gaban mutum ɗaya fa, ba shi ne mai nawa ba? Ta ce, "Wani lokaci shi ne. Amma kafin ki kama shi, ki tsaya ki ga yaushe kayan suka iso masa, kuma nawa-nawa suke zuwa."

Da azahar muka ci garau-garau a bakin ƙofar kamfanin, daidai lokacin canjin ma'aikata. Ga mutanen Jigawa, ga na Nijar, ga na kudancin Kaduna, kowa da kwanonsa a benci ɗaya, ana tsokanar mai abincin a kan yaji.

Hanyar Bompai ta ci mana lokaci, tireloli da adaidaita sun cushe titi. Kamfanin biskit ne na ƙarshe, ƙamshinsa har waje. A nan na ga wani dattijo mai furfura zaune a tsakiyar layi, ba nisa da inda biskit ke fitowa, fanka na kaɗa masa, yana jera fakiti a kwali. Hannunsa bai fi na Iya sauri ba, wallahi. Amma babu abin da ya taru a gabansa, domin kaɗan-kaɗan kayan ke zuwa, ba yankewa, kuma iya miƙa hannu ne tsakaninsa da su. Na gaishe shi na ce, "Baba, ku da girmanku aka ajiye ku kusa da zafi haka?" Ya ce, "Hajiya, a nan aiki ne ke zaɓa wa mutum wurin zama. Girmana yana nan, in an tashi yaran nan ne ke ɗauko mini takalmi."

A cikin cunkoson dawowa na buɗe littafina na zana tsakar gidan da muke aiki. Mu da shekaru muke zama. Iya, da yake ita ce babba, tabarmarta na can ƙarƙashin darbejiya, inda inuwa ta fi kyau. Murhu yana can ɗaya ƙarshen, jikin katanga, wurin matasa. Tsakaninsu ga rijiya, ga turken awaki. Duk wadda za ta kai wa Iya ƙuli sai ta cire takalmi, ta durƙusa, ta gaishe ta, ta tambayi ciwon ƙafa. Wa zai yi haka sau ashirin a wuni? Sai kowa ta bari babban baho ya cika tukuna. Ashe tun safe har azahar Iya ba ta da abin ƙullawa, sai la'asar a juye mata aikin wuni guda, mu kuma mu tsaya muna kallon tsibin muna cewa ta tsufa. Na nuna wa sauran matan zanen.

Mun isa gida bayan magariba. Washegari na sami Iya, na durƙusa, na rasa ta inda zan fara, domin tayar da babba daga inuwa ba ƙaramin abu ba ne. Na ce, "Iya, da za ku yarda, da mun kafa muku rumfa kusa da inda ƙuli ke shan iska." Ta dube ni ta ce, "Sai da kuka je Bompai kuka gani? Shekara biyu ina zaune ina korar kaji. Ɗauko tabarmar." Na miƙe zan ɗauka, sai ta ƙara da cewa, "Waccan maganar da aka aiko ki da ita kuma, riƙe ta zuwa Juma'a." Ashe ta sani tun kafin mu hau mota.

Muka jera kanmu yadda aikin ke tafiya: mai tsince gyaɗa, mai suya, mai matsar mai, mai mulmulawa, mai soya ƙuli, sai Iya. Muka ajiye bahon, muka koma ƙananan faifai, wanda ya huce a tura mata. Gaisuwa sau ɗaya da safe, cikakkiya. Ran Alhamis kafin la'asar babu ƙuli ko ɗaya a ƙasa, sai muryar Iya: "Ke mai suya, barci kike yi? Hannuna ya huce fa!" Wadda ta fi kowa cewa a sallame ta ita ce ke gumi a bakin kasko tana ba da haƙuri.

Abin da tafiyar nan ta koya mini, 'yan'uwana masu sana'a, shi ne ku bi kayanku da ƙafa daga farko har ƙarshe, ku ga inda suke tsayawa da abin da ke tsayar da su, kafin ku ɗora wa wani laifi. Ran Juma'a motar mai kanti ta iso ta tarar da kaya a ƙofar gida suna jiran ta. Iya ce ta miƙa wa direban buhun ƙarshe da hannunta, kuma har yau babu wadda ta sake tambayata ko na isar da saƙo.