Jatau Mahauci da Koriyar Allura

"Wai Jatau ya gudu daga asibiti?"

"Har bakin ƙofa ya kai, rigar majinyata a buɗe ta baya."

"Wuƙa ya gani?"

"Ina fa! Allura. Koriya."

Masu wannan hira a layin mahauta na kasuwar Djougou ba su ƙara gishiri da yawa ba.

Shekara talatin da huɗu Jatau yana fawa. Hantar saniya ko ta rago, da yatsa ɗaya yake yanke mata hukunci. Abin da ba ya yafewa shi ne kore. In matsarmama ta fashe wajen fiɗa, koren ruwanta ya ɓata hanta, wurin ya yi ɗaci ke nan, sai a yanke a jefa wa karnuka. A kan haka ya kori ƙaninsa daga teburinsa, suka shekara biyu ba gaisuwa.

Sai ga tasa matsarmamar ta cika da tsakuwa. Da yake masani ne, wata bakwai ya yi yana shan jiƙo yana murƙususu, kafin matarsa Saratu ta cusa shi a mota zuwa asibitin Parakou. Wani likitan tiyata ya zo can da na'urarsa, ranar Alhamis zai koma. Wanda ya rasa layi, sai ya koma gida da tsakuwarsa.

Ran Laraba da safe, ma'aikaciyar jinya Mariatou ta zo da allurar.

"Baba, miƙo hannu."

"Mene ne wannan kamar miyar kuka?"

"Rini ne. Hantarka za ta tsamo shi daga jini, ta zuba shi cikin ruwan matsarmama. In likita ya haska kamera, hanyoyin ruwan za su fito fili, ya san wadda zai yanke da wadda zai bari."

"Ta hanta zai bi? Kore?"

"Ta nan zai bi, Baba."

Jatau ya sauko daga gado, ko takalmi bai nema ba. A bakin ƙofa ya ci karo da Saratu.

"Sannu, shehun hanta," in ji ta. "Malam, a cikin dubban da ka taɓa, guda nawa ka gani tana aiki? Duk wadda ta zo hannunka, mai ita ya riga ya sha wuƙa."

"Saratu, ni za ki koya wa hanta?"

"To ruwan da kake tsoro, wa ke yin sa?"

Shekara talatin da huɗu yana ɓalle jakar matsarmama daga jikin hanta, bai taɓa tambayar wa ke cika ta ba.

"Hantar ce, Baba," in ji Mariatou. "Kullum tana yi tana turawa hanji. Rinin ma ba ya zama, hanyar zai bi ya fita. In ka ga bayan gida ya canza launi, don Allah kar ka tara mana Parakou."

Nan ciwon ya sake murɗa shi a ƙarƙashin haƙarƙari, ya ƙarasa bayanin da ya rage. Ya koma gado, ya miƙa hannu yana kallon bango.

Da azahar, ana tura shi ɗakin tiyata, ya cafke hannun rigar likitan.

"Likita, ni da kai aikinmu ɗaya, sai dai naka suna tashi. Don girman Allah, ka ɗaure bakin jakar nan kafin ka ɓalle ta, kar ka ɓata min hanta."