Muryar Bala Kyaftin ba za ta bar wayata ba

Da safen nan ina buɗe shago aka kira ni, wai Bala Kyaftin ya rasu.

Na ce wane Bala? Kamar akwai wani Kyaftin a Daura bayan shi.

Hatsari ne a hanyar Kongolam. Ya fita zai karɓo raguna, motar da suke ciki ta yi karo da babbar mota. Kafin azahar mun kai shi makwancinsa. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Ga wanda bai san shi ba, Bala dillalin dabbobi ne, magidanci, gemunsa har ya fara furfura. Sunan Kyaftin kuwa tsokana ce ta 'yan kara, wato kasuwar dabbobi, saboda wani shiri mai dogon zango da ya mace a kansa, na wani kyaftin da mutanensa da ke yawo cikin kumbo a sararin samaniya, daga wannan duniya zuwa waccan. Suka laƙa masa don ya ji haushi, shi kuma ya karɓe abinsa hannu biyu.

Abin dariyar, ba shirin kansa ya fi ɗauke masa hankali ba. Hirar bayan fage yake so, wadda darakta da ma'aikatansa ke zama suna bayanin yadda aka haɗa kowane abu. Turancin Bala na sakandare ne, amma yana da naci. Zai mayar da wuri ɗaya baya har sai ya gane, sannan ya ɗauki waya ya yi mana bayani da Hausa a saƙon murya, ya tura guruf ɗinmu na masu kallon shirin. Ni ne admin.

Daga bakinsa na ji cewa ƙofar kumbon nan da ke buɗe kanta, ƙarti biyu ne a ɓoye suke jan ta da igiya. Duniyar nan mai jan ƙasa da muke ta mamaki, ashe wani tsohon ramin fasa dutse ne. Dodon kuma wani bawan Allah ne a cikin rigar roba, yana ta zufa, ana ba shi ruwa ta tsinke.

"Nura, ni dodon nan tausayi yake ba ni," haka ya ce min. "Neman abinci ne ya sa shi a ciki."

Na taɓa tambayarsa, in ka san duk dabara ce, ina daɗin kallon? Ya yi dariya har da dukan cinya. "Kai ma dai! Mu da ke yi wa rago wanka da sabulu ranar kasuwa? Ai sanin wahalar da aka sha shi ne daɗin."

Lokacin da na karye a ƙafa na yi jinya mai tsawo, 'yan dubiya suka zo makon farko suka ɗauke ƙafa, ban ga laifinsu ba. Bala ne bai daina zuwa ba. Zai taso daga kara da warin awaki a jikinsa, ya ajiye min fura, ya jingina wayarsa a jikin filo ya kunna mana shirin. Minti biyu ba a yi sai ya tsayar. "Dakata, ka ga taurarin can? Baƙin ƙyalle ne aka huda da allura." Har faɗa na yi masa ya bar ni in yi kallo cikin kwanciyar hankali. Bai bari ba.

Haɗuwarmu ta ƙarshe makon jiya ne, wajen Kusugu. Yana kan mashin, ya ɗauro ɗan akuya a baya, ya taka birki a tsakiyar hanya ana ta yi masa hon. Ya ce, "Na samo hirar kashi na ƙarshe. Daraktan kuka ya yi, wallahi, ƙaton mutum. Sai na gama fahimta zan turo." Ya ja mashin ya tafi, ko hannu ba mu yi ba.

To ga abin da ya sa na yi wannan rubutu maimakon in yi shiru da baƙin cikina.

Bayan la'asar muna zaman makoki, yayansa Alhaji Sule ya ja ni gefe. Ya ce, "Nura, an ce kai ke riƙe da guruf ɗin nan. Ka san yadda ake yi in mutum ya rasu. A goge hotunansa da duk abin da ya ɗora, kada a bar masa abin da zai riƙa bin sa kabari."

Na ce, "Yaya, hotuna da guntayen bidiyon da ke da kiɗa zan cire yanzu a gabanka." Kuma na cire.

Ya ce, "Da surutan nan nasa."

Na ce, "Yaya, ka taɓa sauraron ko ɗaya?"

Ya ce shi ba ya sauraron shirme.

Ban ja da shi ba, ba wurin ja-in-ja ba ne, kuma na san tsoron Allah da son ƙaninsa ne suka sa shi magana. Idonsa jajur yake. Alhaji Sule ba shi ne matsalata ba.

Matsalata ku ne, masu shigo min inbos tun gawar ba ta yi sanyi ba. Wai dattijo guda ya ƙare rayuwarsa a kallon aljanun Turawa. Wai ya zama darasi. Ku da ba ku taɓa ɗaga masa hannu a hanya ba, yau kun san yadda ya ƙare rayuwarsa? Ni na ji saƙonnin nan kaf, wasu har na haddace. Babu zagi, babu batsa, babu naman kowa a ciki. Mutum ne ke mamakin hikimar da Allah Ya ba bayinSa, yana dariya. Da gulmar mutane ya tara a waya kamar wasunmu, da ba wanda ya kira ta shirme.

Ni ba malami ba ne, tela ne. In malami ya zauna ya saurara ya nuna min inda haramun take, zan goge wannan wurin da hannuna. Amma wanda bai ji ba, ba zai yanke min hukunci ba.

Wayar Bala ta ragargaje a hatsarin. Abin da ke wayata shi ne abin da ya rage na muryarsa, domin yawancin 'yan guruf gogewa suke in waya ta cika, wasu kuma sun goge yau da maganar Alhaji ta kai kunnensu.

Ina shirin barin gidan makokin sai ƙanwar matar Bala ta biyo ni zaure da saƙo daga yayarta Rabi, wadda ta shiga takaba yau. Ta ce, "Yaya Rabi ta ce an gaya mata za a goge. Ta ce don Allah a bar mata ko ɗaya ne, wanda yake dariya a ciki."

Ban tura mata ɗaya ba. Duka na tura.

Yaya Sule, na san za a nuna maka wannan rubutu. Gobe zan zo da kaina in durƙusa in faɗa maka, ba sai ka ji a bakin wani ba. Ka yi min faɗa, zan sunkuyar da kai. Amma ba zan goge ba. In ajiyewar laifi ce, ni na ajiye, ba Bala ba.

Allah Ka jiƙan Bala. Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka sa Aljanna Firdausi ce makomarsa. Ka ba Alhaji Sule da sauran dangi haƙurin rashi, Ka raya abin da ya bari.

Duk wanda ya karanta, ko bai san shi ba, don Allah ya tsaya ya yi masa addu'a kafin ya wuce. Ku sa Rabi a ciki. Ƙanwarta ta kira ni ɗazu, ta ce sun kunna saƙon farko, da Bala ya yi sallama sai Rabi ta amsa masa.