Dillalin da Aka Tare a Bakin Get

Ni malamin firamare ne a unguwar Romi, kudu da kogin da ya raba garinmu biyu, kuma na daɗe ina rubuta wa wata 'yar ƙungiyarmu wasan kwaikwayo. Ranar Asabar da yamma muke haɗuwa a ajin da nake koyarwa, mu tura bencina jikin bango mu sami fili. A coci muke wasa, ko wajen biki, ko ranar rabon sakamako. Ba mu taɓa hawa babban dandamali ba sai sau ɗaya, kuma har yau in na tuna ranar sai na ji ɗaci a bakina.

Wasan da na rubuta a shekarar na mutum uku ne. Akwai mace Kirista da ta sayar da gidanta a arewacin kogi lokacin da gari ya rikice, ta dawo kudu. Akwai Musulmi da ya sayar da nasa a Kakuri, kudu da kogin, ya haye gada ya koma arewa. Na ukun dillali ne, wanda ya saye gidajen biyu a wulaƙance. Yakan je wa matar ya ce, "Ki sayar tun kafin su ƙona." Ya juya wurin mutumin ya faɗa masa haka nan, bai ko sauya kalma ba.

Ban ƙirƙiri komai ba. Matar da ta fito a wasan, wadda duk muke kira Mama, gwauruwa ce daga kudancin jihar, tana sayar da hatsi a Sabon Tasha, kuma labarinta ne na rubuta. Wanda ya fito a Musulmin wani tela ne haifaffen Kakuri, da yake shigo mota daga ƙetaren kogi duk Asabar don kawai ya yi atisaye da mu. Shi da Mama sun shaƙu ƙwarai. Takan ajiye masa acca, shi kuma ya ɗinka wa jikokinta kayan Kirsimeti.

Dillalin kuwa wani bakanike ne Ibo mai gareji a Kakuri, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano. Mutum ne mai kunya, amma da ya sa babbar rigar da tela ya ɗinka masa sai ya zama wani daban. Ya iya wani murmushi na tausayin ƙarya da yake sa Mama ta manta wasa ake yi. Akwai ranar da ta ɗaga hannu za ta kai masa mari.

Ana haka wata mata daga wata ƙungiyar wanzar da zaman lafiya ta zo kallon atisayenmu. Madam ake ce mata. Za su yi babban taro, suna son wasa. Ta kalla har ƙarshe, ta share hawaye, sannan ta ja ni gefe.

"Malam, wasan ya taɓa ni. Amma wannan dillalin, ba za a iya cire shi ba?"

Na ce, "In aka cire shi, me ya rage?"

"Ai saƙon yafiya muke so. Kuma ka san babban baƙonmu Honarabul ne, da harkar filaye da gidaje ya fara. Kada ya ɗauka da shi ake."

Na ce mata ban ambaci sunan kowa ba, kuma ba zan cire ko layi ɗaya ba. In ba su so, su nemi wasu. Ta yi murmushi ta ce, "Shi ke nan, Malam, yadda kuka tsara." Na koma na faɗa wa mutanena mun yi nasara.

Ranar taron muka isa ɗakin da hantsi. Bakanike ya ce zai biyo mu, yana da motar da zai sallama, kuma sai tsakiyar wasa yake shigowa. Honarabul ya makara, aka yi ta jawabai, ga sanyin na'ura ga ruwan roba a kan tebura. Da aka kira mu na leƙa bayan labule ban ga bakanike ba. Na kira wayarsa, ya ce ga shi ya sauka daga keke. Na ce wa su Mama su fara.

Sun yi kyau. Ɗakin ya yi tsit lokacin da Mama take lissafa bishiyoyin da mijinta ya dasa a tsakar gidan. Sai aka zo inda take ɗaga kai ta dubi ƙofa ta ce, "Wa ke sallama?" A nan dillali yake shigowa.

Babu wanda ya shigo.

Ta sake cewa, "Wa ke sallama?" Wayata ta yi motsi a aljihu. Bakanike ne.

"Ticha, sun hana ni shiga. Sun ce an rufe get."

"Ka ce musu kana cikin wasa."

"Na faɗa. Mai gadi ya ce an nuna masa hotona, an ce kada in wuce."

Ban gama fahimtar abin da ya ce ba sai na ji muryar mai gabatarwa a lasifika yana cewa a tafa wa waɗannan iyaye namu. Aka tafa. Ya hau dandamali ya tsaya tsakanin Mama da tela, ya ce yanzu za su riƙe hannun juna a gaban Honarabul, su nuna wa duniya sun yafe wa juna. Masu hoto suka matso. Wato an shirya komai tun kafin mu zo.

Mama ta dube shi daga sama har ƙasa. Ba ta da makirufo, amma muryar kasuwa gare ta.

"Ɗana, ni ban taɓa faɗa da wannan bawan Allah ba. Me zan yafe masa?"

Tela ya ce, "Wanda ya cuce mu bai shigo ba tukuna."

Wasu a baya suka yi dariya, aka yi maza aka saki kiɗa ya rufe su. Mai gabatarwa ya kamo hannayensu da kansa ya haɗa, aka ɗauki hoto. Honarabul ya miƙe ya yi jawabi. Ya ce wasan ya koya mana cewa talakawa su daina biye wa zuciya.

Na fita waje. Bakanike yana tsaye cikin rana a bakin get, sanye da babbar rigarsa, ya riƙe hular a hannu, direbobin manya suna kallonsa suna dariya. Mutumin da ya yi watanni yana rufe gareji da wuri saboda wasan nan. Ya tuɓe rigar ya ninke ta a hankali ya miƙa mini.

Na sami Madam wajen rabon abinci. Na ce, "Kin ce yadda muka tsara."

Ta ce, "Haba Malam, ai an yi taro lafiya, kowa ya ji daɗi. Ku je ku karɓi abincinku."

Na faɗa mata maganganu a gaban mutane, ba na kuma nadamar ko ɗaya. Na ce da ta ce ba ta son wasan, da na girmama ta. Amma ta ari baƙin cikin tsohuwa ta yi wa taronta ado da shi, ta tare gaskiyar a waje. Ta juya ta ci gaba da gaisawa da baƙi. Babu wanda ya karɓi abincin a cikinmu.

Bakanike ya daina zuwa atisaye. Na je garejinsa sau da dama, yakan karɓe ni da fara'a, ya sayo mini lemo, amma in na ɗauko zancen wasa sai ya shige ƙarƙashin mota.

Bayan 'yan makonni hoton nan ya fito a babban allo a bakin titi, hanyar da Mama take bi zuwa kasuwa. Ga ta ga tela hannu cikin hannu, an yanke mai gabatarwa, an rubuta a ƙasa cewa sun yafe wa juna. Abokan cinikinta suka fara tambayarta a ɓoye ko wannan ne ya kashe mata miji. Mijinta ciwon suga ne ya kashe shi. Tela ma ya ce a unguwarsu ana tambayarsa abin da ya aikata har ya je neman gafara.

Na je ofishin ƙungiyar na ce a sauke allon, aka ce Madam ta yi tafiya. Na koma, aka ce an tura maganar sama. Allon ya kai damina yana nan, har iska ta yaga shi. Mama kuwa ta sauya hanya, ta riƙa zagayawa ta bayan tasha da buhunta a ka.