Mayafin da Uwar Abokina Ta Ajiye a Bankok

A Jami'ar Ainu Shams ta Alƙahira na yi zaman ɗaki ɗaya da wani ɗalibi ɗan ƙasar Tailan. Ba shi da hayaniya, sai dai ranar da ya soya barkono, duk benen sai an yi tari. Yana saurayi ya musulunta, kuma tun daga ranar nan mahaifiyarsa ba ta ƙara ɗaga wayarsa ba. A al'adarsu ɗa namiji kan aske kai, ya yafa mayafi ruwan goro, ya zauna a gidan bauta na ɗan lokaci, ladan hakan ya tafi ga uwar da ta shayar da shi. Shi kaɗai ta haifa.

Da hutu ya matso ya ce, "Yalla ya akhi, taso ɗan'uwa, raka ni gida Bankok. Kai ka ga gari, ni kuma in ga ko za ta dube ni." Yayana da ke saro kaya a can ya daɗe yana cewa in je in buɗe ido, don haka ban yi gardama ba.

Ni da na zauna a Alƙahira ina ganin babu abin da ya rage ya ba ni mamaki. Ashe ban ga komai ba. Gidan bautar farko da muka shiga, aka ce mu tuɓe takalma. Na tuɓe, raina yana ɓaci, don ƙafata ta saba da yin haka a ƙofar masallaci ne. A ciki na tarar da gunki kwance, ruwan zinariya, tsawonsa ya fi layin gidajenmu. Salati ya suɓuce mini da ƙarfi har wasu Turawa suka waigo. A kasuwa kuwa ga kan alade a rataye yana kallona, ga kunama a tsire kamar nama. Fara kaɗai na gani na ji sanyi, na ce to, aƙalla akwai 'yan uwa a garin nan.

Kullum sai abokina ya ƙaro wani wurin da ya ce lalle sai na gani. Daga baya na gane ba don ni yake yi ba, kewaye yake. Na ce, "Khalas, ya isa, na ƙoshi da gumaka. Ina Mama take?"

Furanni take sayarwa a wata kasuwa da ke jikin gidan bauta. Da hantsi muka hango ta, 'yar tsohuwa ƙarama mai furfura. Kafin mu ƙarasa, wani saurayi mai askakken kai da mayafin nan ya tsaya gaban rumfarta. Sai na ga ta tuɓe takalmi, ta zuba masa shinkafa a ƙwaryarsa, ta durƙusa har ƙasa. Uwa guda, a gaban wanda ta isa ta yi jika da shi! Abokina ya ce a hankali, "Da ban musulunta ba, da ni ne a wurin nan."

Da ta ga ɗanta sai ta kawar da kai. Ni dai abin da na iya na yi: na tuɓe takalmi, na tsuguna, na ce, "Mama, ina kwana?" Ta zaro ido, ta hau yi wa ɗanta magana da sauri. Ya ce, "Cewa take ka tashi, ita ba kowa ba ce." Maganarta ta farko gare shi ke nan a duk shekarun.

Ta kai mu gida. Ta sauko da wata tukunya sabuwa fil a kwalinta, ta aiki ɗan ya sayo kaza a wurin mahauci Musulmi. Ashe ta daɗe da tanadar tukunyar da alade bai taɓa shiga ba. Na ce a raina, shi ke nan, an shirya.

Muna cikin ci ta ɗauko wani ƙunshi a leda. Irin mayafin nan ne ruwan goro, a ninke, ba a taɓa yafa shi ba. Ta ajiye tsakaninmu, ta dube ni, ɗan yana fassara.

"Ta ce kai ma malami ne. A addininku me ɗa ke yi wa uwarsa?"

Nan bakina ya buɗe. Na ce yana yi mata biyayya, yana ciyar da ita, ko tsaki ba ya yi mata, ko da addininsu ba ɗaya ba ne. Tana ta gyaɗa kai. Sai ta sake tambaya, gajeriya. Abokina ya sunkuyar da kai.

Na ce, "Me ta ce?"

Ya ce, "Ta ce, in ta mutu fa?"

Mu biyun mun san amsar, a aji ɗaya muka karanta ta: ba a roƙa wa wanda ya mutu ba Musulmi ba gafara. Na mayar da lomar da ke hannuna cikin kwano. Ban taɓa jin tsoron tambaya kamar wannan ba, ko a gaban malaman jarrabawa. Ta dubi fuskata, ta dubi tasa. Ta mayar da mayafin cikin leda, ta ƙulle bakin, sannan ta ja kwanon ɗanta ta ƙara masa shinkafa.