Ranar da Muka Tankaɗe Buhu Tara Saboda Lemar Kwaɗi

Har in bar aikin nan ba na jin zan manta da ranar da Alhaji Ɗanlami ya kusa share mana aikin damina uku da tsintsiya, kuma don girmamawa ya yi.

A lokacin ina mataki na takwas a ɗakin gwaje-gwaje, ƙarƙashin Dakta Rifkatu, 'yar wajen Zariya, mai haƙuri da ɗalibai amma ban da mu ma'aikata. Bincikenta a kan lemar kwaɗi ne, wadda ke tsirowa a jikin ruɓaɓɓen itace da damina. Ku sababbin shiga ku sani, ita ma tana da nata ƙwayoyin cutar, irin ƙananan nan da ake kira bairos. Ba sa kama mutum. Sau da yawa ma ba a gane tana ɗauke da su, amma akwai wanda in ya shige ta sai ƙafarta ta yi tsawo ta karkace, hular ta tsuke ta yi dabbare-dabbare. Irin wannan Dakta ke nema. Damina biyu ba mu samu ba, kuma an riga an gaya mata in ta ukun ta wuce babu samfuri, za a rufe binciken.

Ƙa'idar ɗaukowa huɗu ce. A yi mata hoto a inda ta tsiro, a cire da safar hannu a sa a kwalba, kwalbar ta shiga kula mai ƙanƙara, sannan mai wurin ya sa hannu a takarda cewa daga wurinsa ta fito. In ɗaya ta ɓace, shara ka kawo mana.

Wata Laraba bayan la'asar, ruwa ya fara ja da baya, na ga lemomin kwaɗi a bayan rumfar Alhaji Ɗanlami mai katako a Rijiyar Lemo. Wani tsohon gungume ne a wurin, lafiyayyu sun cika shi, a gefe guda kuma ga karkatattu biyar. Nan take na yi musu hoto. Babu ƙanƙara a tare da ni, don haka na ce wa Alhaji, "Waɗannan ba su da lafiya. Gobe shugabata za ta zo da kanta ta gani."

Ya leƙa ya ce, "Allah sarki. Allah ya ba su lafiya." Ni kuwa na amsa da amin, na tafi. Nan ne kuskurena.

Washegari muka biya Sabon Gari muka sami ƙanƙara wajen masu kifi, muka iso wajen ƙarfe tara. Sai muka tarar da kujerun roba, da tabarma, da lemo mai sanyi. An share bayan rumfar tas har an yayyafa ruwa. Ga gungumen an goge shi, lafiyayyun lemomin kwaɗi a jere gwanin sha'awa. Karkatattun kuwa ko ɗaya babu.

Dakta ta dubi hoton, ta dubi gungumen, ta dube ni.

Na ce, "Alhaji, ina marasa lafiyar?"

Ya ce, "Na tsince su da hannuna. Baƙonka Annabinka, Malam Sabi'u. Dakta guda za ta tako ƙafa ta zo wurina, in tare ta da nakasasshen kaya? Mai kyau ake sa wa baƙo a gaba."

Dakta ta ce a hankali, "Baba, ina ka zuba su?"

Ashe cikin garin katako suka tafi, an ɗure shi a buhuna, kuma tun ƙarfe bakwai aka kai wa wata mai kiwon kaji a Sabon Gari, Madam Ngozi. Muka cusa kanmu cikin adaidaita sahu, ni da kula a cinya, Alhaji yana ta ba Dakta haƙuri yana cewa in ta ga dama gobe zai sa a nemo mata waɗanda suka fi na gungumen kyau.

Buhu goma sha biyu muka tarar, Allah ya sa ba a shimfiɗa wa kajin ba. Madam ta ara mana rariya biyu. Dakta ta durƙusa da farar rigarta ta fara tankaɗe, ni ma haka. Madam ta ce, "Oga, zinari ne ya faɗi?" Na ce lemar kwaɗi ce marar lafiya. Sai ta shiga ciki ta kirawo maƙwabta su zo su gani. Kafin mu kai buhu na biyar mutane sun cika gidan, wasu na taya mu. An samo ƙusoshi, da maɓallin riga, da rabin carbi da Alhaji ya ce tun bara yake nemansa.

A buhu na tara muka same su, uku daga cikin biyar, a dunƙule da gari amma ba su dagule ba. Dakta ta ɗauke su da safar hannu ta sa a kwalba, na ga idonta ya kawo ruwa. Sai na miƙa wa Alhaji takarda da biro.

Ya ce, "Me aka rubuta?" Na karanta masa. Ya maida hannunsa aljihu. "Shekara talatin ina kasuwa ba a taɓa cewa kaya mai cuta ya fito daga rumfata ba. Yanzu in sa hannu da kaina?"

Ƙanƙara tana narkewa, Dakta ta yi bayanin bairos har sau biyu, bai motsa ba. Haushi ya kama ni, na ce, "Alhaji, damina uku muna yawo. Duk Fagge mun duba rumfa rumfa, babu mai irin wannan sai kai."

Ya ce, "Har da rumfar Alhaji Uba?" Maƙwabcinsa ke nan, abokin gasarsa.

Na ce, "Nasa duk gama-gari ne."

Ya karɓi biro ya sa hannu, ya ce a ƙara lambar rumfa kada a yi kuskure.

Gwaji ya nuna ƙwayar, binciken Dakta ya tsira. Ni kuma na koyi cewa a aikinmu ba mugu ne abin tsoro ba, mai kirki ne wanda ba ka yi wa cikakken bayani ba. In kun sami samfuri, ku faɗa wa mai wuri ƙarara cewa mummunan kuke so, kuma kada a yi shara.

Har yau gungumen yana nan, an kewaye shi da waya, Alhaji ya hana a taɓa. Bara da ruwa ya sauka ya kira ni a waya, muryarsa a sanyaye. Ya ce, "Malam Sabi'u, sun fito. Amma ka ba Dakta haƙuri, na duba su ɗaya bayan ɗaya, wallahi duk lafiyarsu ƙalau."