Driek Ba Ya Huda Takalmi

Duk ƙauyen an san Driek da abu biyu: sassaƙar takalmin itace da taurin kai. Tun yana saurayi yake fafe ɗanyen itace da ƙarfen nan mai baki kamar cokali. Ƙafar dama da ta hagu daga gungume ɗaya yake tsaga su, don su bushe daidai, kuma a iska suke bushewa, ba a bakin wuta ba. Idan ka zura ƙafa, sai ya cusa yatsa ta bayan diddigenka. In yatsan bai shiga ba, to, da sauran aiki.

Da takalmin roba ya shigo, manoma suka watse masa ɗaya bayan ɗaya. 'Yarsa Nelleke ta samo masa kasuwa: wani mai kanti a birni yana son takalma, a huda ƙasansu, a rataye a bango, a shuka fure a ciki.

"Baba, rami ɗaya ne fa kawai, don ruwa ya tsiyaye."

"A kai kasuwa! Ni mai tukwane aka ce miki? Takalmin da ruwa ke bi ta cikinsa, ai sunansa rariya."

"To ƙafar wa ta rage maka a garin nan?"

"Ta Toon."

Toon tsohon abokinsa ne, mai kiwon shanu. Saniya ta taɓa taka masa ƙafar hagu har ta karkace, ba takalmin kanti da ke karɓarta. Duk kaka yakan zo awo, suna yi suna tsiya.

"Kai dai ƙafarka kamar ta agwagwa," in ji Driek.

"Yi aikinka, tsoho. Ba don agwagwar nan ba, da tuni fure kake shayarwa."

A kakar nan ma an yi awo, an fafe, an jera takalman a inuwa. Kafin su gama bushewa Toon ya rasu. Abin ya daki Driek ƙwarai, ya wuni a rumfar aikinsa.

Ranar jana'iza Nelleke ta goge masa takalmin fata, ta leƙo rumfa a hankali.

"Baba, na Toon ɗin nan, tunda ba mai sawa..."

"Wa ya gaya miki?"

Ya ɗaure na hagun a gungumen aiki, ya ɗauki ƙarfensa. Itace ana rage shi ne, ba a ƙara shi, kuma ƙafar Driek ta fi ta marigayin girma. Ya yi ta ƙwaƙula yana gwadawa har ƙafarsa ta zauna, sannan ya yi wa na daman haka. Ya miƙa wa Nelleke diddigensa.

"Sa yatsa."

Ta durƙusa ta sa. Ya shiga.

A coci, wurin jana'izar, kowa da takalmin fata ya zo, ana tafiya kamar ana satar hanya. Driek kuwa ya ratsa tsakiyarsu ƙwas-ƙwas-ƙwas, ana waiwayensa, ko a jikinsa. Matar Toon ba ta waiwaya ba. Ta san ƙarar, irin ta takun mijinta ce, sai kawai ta rufe fuska da hannu biyu.