Rabin Kwalba

A layin nan ba mai ce masa mai kemis, sai Rabin Kwalba. Tun yana da gashi a ka ya buɗe shagon magani, ɗaki ɗaya da kanta da fanka mai ƙugi kamar za ta tashi da rufin. Yanzu sanƙo ya cinye kan, amma halin na nan. In ka zo sayen maganin tarin yara ka tsaya sosa ƙeya, sai ya tsiyaya maka rabi a wata kwalbar da ya wanke tas har takardar jikinta ta fita, ya ce, "Je ka, tarin ma ai rabi ne." Kwalayen kuwa matarsa ke hura wuta da su.

Ran nan da hantsi wata ma'aikaciyar hukumar kula da magunguna ta tsaya a kantarsa. Ta ce kamfani ya janye wani rukuni na maganin tarin, an gano abin da ke lalata ƙodar yara a ciki. Ana gane rukunin da lambar da ke jikin kwali da kwalba.

"Baba, ina waɗanda ka sayar?"

"Suna gidajen mutane, 'yata."

"Da lambarsu a jiki?"



Ya suri bokiti ya bi gida-gida, takalmi ƙafa ɗaya nasa, ɗaya na matarsa. "Ku fito da duk kwalbar da na ba ku! Kar a ƙara ba yaro!"

Wani tela ya leƙo ta taga. "Au, ɗan rabin ma ka zo ƙwacewa?"

Ko waiwaye bai yi ba. Wata tsohuwa ta ɓoye tata a ɗan tofi, ta ce wayo ne zai yi mata, sai da ya durƙusa yana haɗa ta da Allah.

Bokiti ya kusa cika sannan ya tuna. Jikarsa! Da hannunsa ya tsiyaya mata.

Ya tarar da yarinyar kwance a tabarma, ido a lumshe. Uwarta, wato 'yarsa ta fari, tana wanki.

"Ina maganin?"

"Ai ta shanye, Baba. Kai ka ce safe da yamma."

"Ta yi fitsari yau?"

'Yar ta tsame hannu daga kumfa. "Wace irin tambaya ce wannan?"

"Ta yi ko ba ta yi ba?"

"Ban... ban gani ba."

Ya suri kwalbar, ya saɓi yarinyar a kafaɗa, tsohon da matakala ke sa shi haki, ya zuba a guje har asibiti, uwar na biye da shi.

Da likita ya ji batun maganin da aka janye, ya ce a kawo kwalbar. Ya miƙa. Likita ya juya ta gaba, ya juya ta baya, ba ko harafi.

"Mai kyan ta sha ko marar kyan?"

"Ban sani ba, likita. Ni na zuba, kuma wallahi ban sani ba."

Aka shige da yarinyar, uwar ta bi ba tare da ta dube shi ba. Ga benci nan wayam, amma a ƙasa ya zauna.